Filin da na saya da rani a bakin ruwan Epe

A watan Janairun 2021 na sayi filina na farko a Legas, kuma ranar da na je ganinsa ko takalmina bai jiƙe ba. Ƙasa baƙa, busasshiya, ciyawa ta kwanta, iska na kaɗawa, masunta can nesa cikin kwale-kwale suna jefa birgi. Ni mutumin Daura ne, shekara goma sha shida ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ruwan da na sani bai wuce na rijiya da kududdufi ba. Da na ga wannan shimfiɗeɗɗen ruwa a gabana, sai na ji kamar an yi min gwanjon lambun sarki.

Ƙauyen yana tsakanin Itoikin da Epe, sai an saki kwalta an bi turɓaya. Dillalin da ya kai ni ɗan Arewa ne, sahu ɗaya muke sallah. Ya ce, "Alhaji, matatar Dangote na tafe, tashar jiragen ruwa ta Lekki na tafe, nan da shekara biyu wurin nan sai mai rabo." Bai yi ƙarya ba, duka biyun an buɗe su a 2023. Abin da bai faɗa ba shi ne suna can wancan ƙetaren, a Ibeju-Lekki, mu kuma muna nan inda ko babur sai ya yi nishi. Fulotin ƙafa 60 ne da 120, ya fi 50 da 100 da muka saba da shi a gida, wannan ma ya ƙara rufe min ido. Na ba da kafin alƙalami a ranar, cikin mako na cika naira miliyan ɗaya da rabi, aka ba ni rasit, dillali ya karɓi la'adarsa.

Da na je Agege na gaya wa Kawu, wanda yake Legas tun zamanin Gwamna Jakande, sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Ka ga wurin da damina?"

"A'a, Kawu."

"Ka kai takardar ofishin gwamnati a Alausa?"

"Ai baale, dagacin ƙauyen, yana wurin, kuma da shaidu."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, Allah ya sa alheri." Wanda ya san dattawanmu ya san abin da wannan addu'ar ke nufi.

A watan Yuli na koma da niyyar zagaye wurin da katanga. Mota ta tsaya tun kafin mu ga rufin ƙauyen. Na naɗe wando na shiga, ruwa ya kai gwiwa, duwatsun iyaka huɗun da aka kafa a gabana babu ko ɗaya a sarari. Kainuwa ta rufe ko'ina, sai ka rantse filin ƙwallo ne. Wani yaro ya ɗauke ni a kwale-kwale, ya tsaya a wani wuri, ya soka gorarsa ƙasa ya ce nan ne. Na biya shi naira 500 don ya zagaya da ni a kan filina.

Wata tsohuwa mai bandar kifi ce ta karantar da ni a ranar, yaron yana fassara. Ta nuna min bishiyoyin tukurwa da ke gefen filin, ta ce duk inda ka ga wannan ta yi yawa, gidan ruwa ne, ko da ka tarar ya fita unguwa. Ta nuna min wani baƙin zobe a jikin itatuwa, daidai ƙuguna: nan ruwan bara ya tsaya. Ta ce in duba gidajensu, babu wanda ya yi gini a gangaren, duk suna kan tudu, kuma dakalin kowane gida sai ka taka matakala. Duk waɗannan suna nan a watan Janairu, har ramukan ƙaguwa na tsallake da ƙafata. Ido ne bai san abin da yake gani ba. Daga baya na gane damina a nan kashi biyu ce, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Wanda ya je a Agusta ma ana iya yi masa sakiyar da ba ruwa.

Injiniyan da na kira ya yi lissafin tifofin yashin ciko, ya ce kuma harsashin gini irin namu na gida ba zai zauna ba, sai an shimfiɗa kankare da rodi a ƙarƙashin gidan baki ɗaya. Kuɗin ya ninka na filin. Na naɗe takardar na sa a aljihu.

Ina cikin wannan sai ga wasu samari sun tare ni, suka ce su ma jikokin mai ƙasar ne, ba su ga ko kwabo ba. Su ne ake ce wa omo onile, wato 'ya'yan masu ƙasa. A nan na nemi lauya, abin da ya kamata in yi tun kafin in taɓa aljihu. Ta karanta rasit ɗina ta yi murmushi. Ta ce filin gado a ƙasar Yarbawa ba na mutum ɗaya ba ne, sai shugaban zuri'a, wanda suke kira olori ebi, ya sa hannu tare da manyan kowane ɗaki. Nawa ɗaki ɗaya ne ya sayar. Baale kuwa kamar dagaci yake, halartarsa ba ta mayar da filin wani ya zama naka. Akwai dokar da jihar ta yi a 2016, zamanin Gwamna Ambode, wadda ta hana tare mai gini a ce sai ya biya kuɗin harsashi ko na rufi, amma wannan daban, waɗannan suna da haƙƙi na gaskiya. Muka zauna da dangin gaba ɗaya a ƙarƙashin rumfa, na ƙara kuɗi, aka rubuta sabuwar yarjejeniya kowa ya dangwala.

Mu a gida mun saba ciniki da amana: mai unguwa, shaidu biyu, a shafa fatiha. Ba na raina wannan, a kansa aka rene ni. Sai dai amana tana aiki ne inda kowa ya san kakan kowa. A nan ni baƙo ne, kuma bayan dangi akwai gwamnati. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna, kuma a Legas akwai manyan yankunan da gwamnati ta riga ta karɓe, sai ta yanki wani sashe ta bar wa ƙauye, a buga a gazet, wato jaridar gwamnati. Safiyo ya zo ya ɗauki ma'aunin filina, aka kai ofishin babban safiyo na jiha a Alausa. Na yi sati ban yi barcin kirki ba. Allah ya taimake ni, filin ya faɗo cikin rabon ƙauye, sai wani siririn gefe da ya shiga tazarar da doka ta hana gini a bakin ruwa. Maƙwabcina, wani mai canji da ya kwashi fuloti shida a tashi ɗaya, nasa duk suna cikin na gwamnati.

A 2023 na yanke shawarar sayarwa. Dillalin nan dai ya dawo, ya ce, "Alhaji, ka bari sai Janairu, ina da wani ɗan'uwa daga Kano." Ba zan ɓoye ba, kwana biyu ina juya maganar, don ina bukatar kuɗi. A na uku na tuna yadda na zauna a kwale-kwalen nan ina ƙifta ido don kada yaro ya ga hawayena. Na ce masa duk mai so ya zo a Oktoba. Mutum biyu suka zo, ko daga mota ba su sauko ba. Na ukun wani mai kiwon tarwaɗa ne daga Ikorodu, ya shigo da dogon takalmin roba, ya dumbuzo laka ya murza a yatsa, ya ce abin da yake nema ke nan. Na shimfiɗa masa takardun duka, lauyoyi suka rubuta takardar miƙa mallaka, neman amincewar gwamna ya rage nasa. A lissafin naira na ci riba kaɗan. Amma tun watan Yunin shekarar aka saki naira ta faɗi, don haka in an auna da buhun albasa, faɗuwa na yi.

Yanzu ina da rabin fuloti a kan tudu ta wajen Ikorodu. Sau uku na je, biyu cikin ruwan sama, kuma sai da amsa ta fito daga Alausa na biya. Mai tarwaɗar kuwa ya ɗaga bakin tafkunansa, yana kai kifi kasuwar Oluwo a Epe. Da sallar bara ya aiko min da kwalin banda, na kai wa Kawu rabi. Ya ɓare ɗaya, ya tauna, ya ce, "Wannan daga ɗakin kwananka aka kamo shi ko daga falo?"