Abin da kalifar birkin babur ta gaba da ta baya suka koya mini

Masu babur kan kawo ƙorafi cewa birkin baya ba ya kamawa kamar na gaba, wai a ƙara masa ƙarfi. Aikin kanikanci ya koya mini cewa raunin nan da gangan aka yi shi. Da zarar an kama birki, nauyin babur da na mahayi sai ya karkata gaba, tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya kuwa ta yi sakayau. Shi ya sa gaba ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na aikin tsayawa. In aka ba baya irin wannan ƙarfi, taya za ta kulle ta riƙa jan ƙasa, babur ya wulƙita gefe.

Kalifa ita ce ƙarfen da ke rungume da farantin birki, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Aikin ta gaba da ta baya dai ɗaya ne: man birki ya tura fistin da ke cikinta, fistin ya matse fad, wato takalmin birki, a jikin faranti. A ƙira suka rabu. A manyan babura, farantin gaba kan kai milimita 300 ko fiye, sau da yawa biyu ne, kalifar kuma a ɗaure take kam, da fistin huɗu, biyu ta kowane gefe. Ta baya galibi fistin ɗaya gare ta, kuma zamewa take yi a kan wasu sanduna biyu: fistin ya tura fad ɗin gefensa, jikin kalifar ya zame ya jawo ɗayan.

Nan ne ido ya kamata ya tsaya. In na ciro fad ɗin baya na tarar ɗaya ya cinye kamar takarda, ɗaya ko rabi bai kai ba, sandunan nake fara dubawa. Yawanci giris ya bushe, ko robar da ke kare su ta yage, tsatsa ta shiga. A kalifar gaba mai fistin huɗu kuwa, irin wannan cin yana nuna wani fistin ya maƙale da datti.

Abin da ya fi burge ni shi ne babu sifirin da ke mayar da fistin. Zoben robar da ke hana mai yoyo ne ke ɗan lanƙwasa idan an matsa, in an saki ya miƙe ya janyo fistin baya kaɗan. Idan robar ta tsufa ta ƙage, fad ya ci gaba da gugar faranti, farantin ya yi zafin da hannu ba ya taɓuwa, mai babur kuma yana ta zargin injin da rashin gudu.