Jinyar kyanwar da jininta ke yawan ƙarewa

Lasar bango ce ta fara ja mini hankali. Gimbiya, kyanwar da muka raina tun tana 'yar mitsitsiya a gidanmu na Unguwar Dosa a Kaduna, sai ta tsuguna a gindin katangar da ba a yi wa fenti ba, ta yi ta lasar siminti, yara suna mata dariya. Ba a jima ba ta daina tarar maigidan a bakin ƙofa, ta koma yini a ƙarƙashin gado. In ta taso shan ruwa sai ta yada zango a tsakar ɗaki tana haki. Da na ɗaga leɓenta na ga dasashin ya yi fari fat, babu ruwan hodar nan da aka saba gani, fatar cikin kunnenta kuma ta ɗan yi ɗorawa.

Shawara kam ba ta yi mana ƙaranci ba. Maƙwabciyata ta ce a dafa mata hanta, wata ta ce Maltina da madara, Hajiya surukata ta ce, "Ke dai jiƙa mata rabin Panadol, zazzaɓi ne." Wannan ta ƙarshe ita ce mai haɗari, kuma da kyakkyawar niyya ake ba da ita a gidaje da yawa. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol yadda ta mutum ke yi, ƙwaya ɗaya tak tana iya lalata mata jini ta kashe ta. Na ba Hajiya haƙuri, muka sa Gimbiya a kwando sai wajen likitan dabbobi.

Likitan ya ɗebi jini kaɗan a wani siririn bututun gilashi, ya toshe gindinsa, ya sa a injin da ke juyawa. Da ya fito da shi sai jinin ya rabu biyu: jajayen ƙwayoyi sun kwanta a ƙasa, ruwan jini a sama. Jan bai fi tsawon farce ba, ruwan da ya kamata ya fito garau kuma ya yi rawaya. Ya ɗora a kan ma'auni ya ce PCV ɗinta, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jininta, 11 ne. Lafiyayyar kyanwa tana tsakanin 30 da 45 ne cikin ɗari. Daga nan ya ɗiga jini a kan gilashi, ya ƙara ruwan gishirin asibiti, ya karkata shi a gaban taga ya ce in duba. Maimakon ya narke ya zama ja bai ɗaya, sai ya tsattsinke ya yi gudaji-gudaji kamar an barbaɗa garin yaji a ruwa.

"Hajiya, kin ga wannan? Ƙwayoyin ne ke manne wa juna. Jikinta ne ya sa musu alama."

Bayanin da ya yi mini ranar shi na riƙe har yau. Duk dabbar da jininta ya yi ƙasa, ɗaya ne cikin uku: ko jinin yana zuba ta wani wuri, kamar rauni ko tsutsar ciki ko ƙuma ta yi yawa a jikin 'yar kyanwa, ko ɓargo ya gaza ƙera sabo, kamar yadda ke faruwa ga tsofaffin kyanwoyi masu ciwon ƙoda, ko kuma ana ƙerawa amma ana farfasa shi tun kafin lokacinsa. Jar ƙwayar jinin kyanwa takan yi wajen kwana 70 zuwa 80 tana aiki, ta mutum kuwa wajen 120. A jikin Gimbiya garkuwar jiki ce ta ɗauki ƙwayoyin jininta a matsayin baƙi, ta maƙala musu alama, saifa da hanta kuma suna kwashe su suna rugurguzawa. Rawayar da na gani a kunne ragowar fasassun ƙwayoyin ce, wato shawara. Shi ya sa maganin ƙarin jini na kwalba bai da wani tasiri a nan. Sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayar da ta fashe bai fita daga jiki ba, yana nan ana sake amfani da shi. Ba kayan aiki ɓargonta ya rasa ba, ɓarnar ce ta fi ƙirar sauri.

Sai dai likitan bai yarda ya tsaya a nan ba, kuma na ga hikimar hakan daga baya. A kyanwa, galibi akwai abin da ke tunzura garkuwar jiki, ba kasafai take tashi haka kawai ba kamar yadda ake yawan gani a karnuka. Akwai wata ƙwayar cuta, maikofilasma, da ke manne wa jikin jar ƙwayar jini, ana kuma zargin ƙuma da faɗan muzurai wajen yaɗa ta. Akwai ƙwayar cutar FeLV mai kawo sankarar jini, da FIV mai raunana garkuwa irin yadda ƙanjamau ke yi, duk da cewa ba ta kama ɗan Adam. Akwai kuma albasa da tafarnuwa. Wannan ta ba ni mamaki, don wace kyanwar gidan Bahaushe ce ba ta cin ragowar shinkafa da miya? Ashe albasa, ɗanya ko dafaffiya, tana ƙona sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jinin kyanwa, ƙwayoyin su yi rauni su fashe. Don a tantance waɗannan ya tura mu asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, tafiyar kusan kilomita 80 daga Kaduna. Gwajin FeLV da FIV ya fito babu. Ba a ga maikofilasma a madubin likita ba, amma an ce rashin ganinta ba hujja ba ce, don takan ɓuya ta sake bayyana, saboda haka aka haɗa mata da doksisaikilin na mako huɗu ko da tana nan.

Kafin magani ya kama, sai da aka yi mata ƙarin jini. Ban taɓa sanin kyanwoyi na da rukunin jini ba: A da B da AB. Abin tsoron shi ne kyanwa mai rukunin B ana haihuwarta ba da jimawa ba jikinta ke tanadar makamin yaƙar jinin A, in aka ɗura mata shi tana iya mutuwa nan take, ko da karon farko ne. Dole a gwada jinin biyun a gani ko sun jitu. Babu ma'ajiyar jinin kyanwa da za mu je mu saya, sai ƙanwata da ke Kawo ta kawo ƙaton muzurunta mai kilo 5, aka gwada shi, aka ɗebi wajen mililita 50. Da yamma Gimbiya ta ɗaga kai ta lashi romon kaza. Likita ya ja mini kunne kada in yi murna da wuri, jinin aro ne, shi ma jikinta zai bi shi ya cinye, lokaci kawai muka saya.

Ainihin maganin shi ne firedinisolon, mai danne garkuwar jiki. Yana da ɗan'uwa mai kama da shi a suna, firedinison, wanda jikin kyanwa ba ya sarrafa shi sosai, don haka nakan karanta kwalin da kyau a kemis kafin in biya. Ba wa kyanwa ƙwaya kuwa aiki ne. Gimbiya ba kyanwar Lami ba ce, tana cizo tana yakushi. Nakan naɗe ta da tawul har wuya, in zaunar da ita tsakanin cinyoyina ta ba ni baya, in kama kanta ta sama in ɗaga hancin, bakin sai ya ɗan buɗe da kansa, in jefa ƙwayar can bayan harshe. Sai in bi da ruwa cikin sirinji ta gefen baki a hankali. Ruwan nan ba ƙawa ba ne: doksisaikilin in ya maƙale a maƙogwaron kyanwa yana ƙona wurin, ya warke da tabo, hanyar abinci ta tsuke.

Jinin ya riƙa hawa mako bayan mako har ya wuce 30. Aka shiga rage magani, kashi ɗaya cikin huɗu duk bayan 'yan makonni, kowane ragi sai an auna PCV tukuna. Ba a yanke irin wannan magani farat ɗaya, don jiki ya saba da shi, ga shi kuma ciwon yana iya farkawa. Mun bi ƙa'ida tsaf, amma da aka kai ga ƙaramin awo, kwana ɗaya a sha kwana ɗaya a huta, sai ya dawo. A wannan karon ba mu jira lasar bango ba. Na riga na saba duk safiya in ɗaga leɓenta a bakin taga ɗaya, cikin hasken rana, in ɗauki hoto da waya, don ido yana mantuwa amma hoton makon jiya ba ya yi. Ina kuma ƙirga numfashinta in tana barci, lafiyayya ba ta cika wuce 30 a minti ɗaya ba. Da na ga launin ya fara kodewa muka je, aka sami 21. Ba a buƙaci ƙarin jini ba, aka dai mai da magani sama.

Dawowar ta sa likita ya ƙara magani na biyu, saikulosiforin, don a samu a rage na farkon, wanda daɗewa a kansa ke iya jawo wa kyanwa ciwon sukari. Yana da tsada, ba kowane kemis ke ajiye shi ba. Wani mai shagon magani ya ce mini akwai azatayofirin mai sauƙin kuɗi, aikinsu ɗaya. A mutum da kare ana amfani da shi, a kyanwa kuwa yana kashe ɓargo, ga dabbar da ɓargon ne kaɗai ke riƙe da ita. Na gode masa na fita.

Wanda aka danne wa garkuwa, ƙaramin ciwo ma babba ne a wajensa. An hana ta ɗanyen nama, an hana ta fita yawo, an hana ta kamun ɓera, saboda cutar da takan iya ɗauka daga naman. Da Hajiya ta ji haka ta riƙe haɓa ta ce, "Kyanwar da ba ta kama ɓera, to me take yi mana a gidan?" Ban da amsar da za ta gamsar da ita. Mutane da dama sun faɗa mini a fuska cewa ga bayin Allah kwance a asibiti ni ina kashe kuɗi a kan mage, kuma ban ce maganarsu ba ta da tushe ba. Ni dai a ganina dabbar da ka ajiye a gidanka amana ce, kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Wanda ba shi da halin zuwa Zariya ma akwai abin da ba ya cin ko sisi: a cire mata nata naman kafin a zuba albasa, a ɓoye Panadol, kada a fesa mata fiya-fiya ko a ɗiga mata maganin ƙuma na kare, don mai sinadarin fametirin yana sa kyanwa jijjiga har ta mutu. Akwai na kyanwa daban, likita zai nuna.

Yanzu tana kan ƙaramin awo na magungunan biyu, PCV yana yawo tsakanin 29 da 33, ta yi ƙiba har ta yi tumbi. Duk zuwa awo ana duba sukarinta, ni kuma ina lura da yawan ruwan da take sha da yawan fitsari. Likita yana son mu sake gwada janye firedinisolon gaba ɗaya, ya ce akwai waɗanda ke rabuwa da magani, akwai waɗanda ke shan kaɗan har ƙarshen rayuwarsu, ba a sanin ɓangaren da kyanwa take sai an gwada. Na roƙe shi mu dakata sai damina ta wuce ƙuma ta yi sauƙi, kuma sai na tabbatar muzurun Kawo yana nan lafiya. Ya amince, mun ajiye magana zuwa farkon sanyi.