Gado huɗu da firji ɗaya

Gidan haihuwar da na buɗe a bayan gari nan Kano ba wani babba ba ne. Gado huɗu ne, da ɗakin karɓar haihuwa, da ɗan ɗakin awo wanda shi ne kuma ofishina. Mu uku ne ungozomomi, kowaccenmu da lasisinta na Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, sai wata baiwar Allah mai shara da wanke kayan aiki, sai maigadi. A Dambatta na yi karatu, na kuma daɗe a asibitin gwamnati kafin na tsaya da ƙafata.

Kuɗin farko da suka shigo hannuna, sola da firji na saya, tun ban yi fenti ba. Allurar oksitosin da muke yi wa mace da zarar jariri ya faɗo, don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, ba ta shiri da zafi. In ta daɗe cikin zafin bazara ƙarfinta raguwa yake, kuma ido ba ya ganewa sai ranar da jini ya ɓalle. Ina ajiye ƙwayar misoprostol, mai irin wannan aikin na tsayar da jini, saboda ita ba ruwanta da firji, da magnesium sulphate saboda jijjiga. Ukun nan ba sa yankewa a wurina, ko da ni zan haƙura da albashin wata.

Yawancin aikin kuwa zama ne. A kawo miki 'yar fari, ta cusa gefen zani a baki tana cizo don kada a ji muryarta, haka aka koya mata kunya. Sai in jawo kujera in ce, "Ƙanwata, nan ba gidan surukai ba ne, yi nishinki." In murza mata baya, in ba ta shayi, in riƙe ta mu zaga tsakar gida. Duk rabin awa in saurari bugun zuciyar jariri in rubuta. Ba na barin ta yunƙura sai bakin mahaifa ya buɗe santimita 10, ko da kakarta na bakin ƙofa tana cewa an daɗe. Macen da ta yarda da ke, ita za ta faɗa miki gaskiya in kin tambaye ta abin da aka ba ta ta sha a gida.

Ba ni da ɗakin tiyata, don haka dole in san inda iyakata take. Wani dare aka shigo da wata da ta wuni ta kwana tana naƙuda a ɗaki, wai maigidan ya yi tafiya, babu mai ba da izinin fita. Ƙafafu sun kumbura suntum, kai na sara, tana ganin dishi-dishi, jini ya hau sosai. Na yi mata allurar jijjiga, na tashi mai adaidaita sahu daga barci, na shiga tare da ita riƙe da ledar ƙarin ruwa har asibitin Murtala. Aka yi mata aiki, Allah ya raya ta da ɗanta. Tun daga ranar, duk wadda ta yanki katin awo sai mijinta ya zo ko sau ɗaya ne. Nakan ce, "Malam, faɗa a gaban Hajiyarka cewa in naƙuda ta tashi ba ka nan, a kawo ta." Sannan in tambaye shi wa zai ba da jini in an buƙata. Lambobin masu adaidaita uku kuma suna rubuce a jikin bangon ɗakin haihuwa.

Tsofaffin ungozomomin unguwa ban taɓa yin faɗa da su ba, don su mata suke fara kira. Inna nake ce musu, in sun rako mace da wuri in ba su kuɗin mota. Abin da na roƙe su shi ne su bar yankan gishiri da danne ciki, cibiya kuma a shafa mata kuloheksidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a daina gashi da tsumma. Wankan jego ban hana ba, amma ruwan ya zama mai ɗumi, kunun kuma a rage masa kanwa, domin likitocin Zariya sun daɗe da danganta yawanta da ciwon zuciyar masu jego.

Inda nake shan wuya shi ne awo da kuɗi. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, ni kuwa in na samu huɗu hamdala nake yi. Wata sai ciki ya kai wata bakwai za ta zo, don dai ta samu kati. Littafin bashi kuma kullum ƙara kauri yake, tunda ba a tsayar da mace mai naƙuda a bakin ƙofa ana ciniki. Wasu kan biya bayan suna, wasu sai bayan kaka. Mijin matar nan da na raka asibitin Murtala da buhun gero ya biya nasa, shi da kansa ya ɗauko shi a bayan babur.