TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 17): Otal ɗin da ya zama jami'a

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya ne inda jirgin ƙasan da na hau daga Birmingham ya sauke ni a Aberystwyth, wani gari a bakin teku a yankin Wales na Birtaniya, wajen ƙarshen watan Satumba na 2013, tasha ce ta ƙarshe, daga ita babu sauran gaba sai teku. Sunan garin kar ku wahalar da harshenku, ɗalibai ma "Aba" kawai suke cewa, ni ma haka zan riƙa kiransa.

Abin da ya kai ni dai kun sani, digiri na biyu a fannin aikin laburare a jami'ar garin. Sashenmu a lokacin yana Llanbadarn ne, ɗan gefen gari, kuma wurin yana da nasa tarihin don tun 1964 aka buɗe kwalejin koyon aikin laburare ta Wales a nan kafin a haɗe ta da jami'ar a 1989. Ogana na wurin aiki can ya yi karatu tun muna yara, shi ne ya dage sai Aba zan je, wai idan har laburare nake so in sani to in je inda ake ganin girmansa.

Ɗakin da na kama haya a gidan wata tsohuwa ne ƴar asalin Wales, shekarunta sun kusa tamanin, ni dai Iya nake ce mata kuma ta karɓa, har ta kan gabatar da kanta da sunan idan abokaina sun zo. Ranar da na fara cewa "ku Turawan Ingila" a gabanta sai da ta ajiye kofin shayinta ta kalle ni tsaf, ta ce ɗana, Ingila tana can gabas bayan duwatsu, nan Wales kake. To daga ranar ta ɗaura ɗamarar karantar da ni, kuma wallahi rabin abin da na sani game da jami'ar nan a teburin kicin ɗinta na koya ba a aji ba.

Akwai wani gini a bakin teku da suke kira Old College, tsohuwar kwaleji kenan. Duk wanda ya taɓa ganin hoton Aba ya gan shi, dogon gini na dutse mai ruwan ƙasa-ƙasa, ga hasumiyoyi masu tsini ga tagogi barkatai babu biyu da suka yi kama, in ka gan shi daga nesa za ka rantse coci ne ko fadar wani sarki. Ashe otal ne. Asalinsa ma wani ɗan gida ne da John Nash ya zana a shekarun 1790, shi wannan Nash ɗin shi ne daga baya ya yi aikin fadar Buckingham a Landan. Da layin dogo ya iso garin a 1864 sai wani ɗan kwangilar jirgin ƙasa mai suna Thomas Savin ya hango kuɗi, ya ce tunda jirgi zai riƙa kwaso masu yawon shan iska ai sai a tanadar musu masauki na gani na faɗa. Ya sayi gidan ya ɗauko mai zanen gine-gine John Pollard Seddon, aka hau gini ba dare ba rana, aka narkar da kuɗi wajen fam 80,000, gini bai ƙare ba kasuwar kuɗi ta rushe a 1866 Savin ya karye. A 1867 aka sayar da ginin fam 10,000 kacal.

Waɗanda suka saya ɗin su ne abin labari. Wasu ƴan Wales ne ƙarƙashin jagorancin Hugh Owen, ma'aikacin gwamnati a Landan, da suka daɗe suna jin zafin cewa Scotland na da jami'o'inta, Ingila na da nata, Ireland ma haka, amma Wales ko ɗaya babu, yaron da yake da ƙwaƙwalwa sai dai ya tsallaka Ingila in ubansa na da hali, in babu kuma ya shiga ramin kwal ko ya bi tumaki. A watan Oktoba na 1872 suka buɗe kwalejin da ɗalibai 26, shugabanta na farko wani malamin coci Thomas Charles Edwards. Gwamnati a Landan kuwa ko sisi ba ta ba su ba, sun roƙa sun roƙa shiru.

Nan ne Iya take gyara zama in tana ba da labarin. Da kuɗi suka ƙare aka koma wa talakawa, aka bi gida-gida aka bi coci-coci, a 1875 aka ware ranar Lahadi guda a watan Oktoba don tara wa kwaleji gudummawa, mutum sama da 70,000 suka sa hannu, abin da aka tara bai fi fam 3,000 da ɗoriya ba. Ku raba da kanku ku gani, yawanci kwabbai ne, na masu haƙar kwal da masu fasa dutse da manoma da ƴan aikatau, mutanen da da yawansu sun san ƴaƴansu ba za su taɓa taka ƙofar wurin ba. Iya ta ce kakar babarta tana cikinsu, wankau take yi ta ci, amma ta ba da nata. Ba wai babu masu kuɗi a ciki ba fa, David Davies na Llandinam mai ramukan kwal ya taimaka sosai, amma in ka tambayi ɗan garin wa ya gina jami'ar nan ce maka zai yi talakawa, kuma da alfahari zai faɗa.

Abin haushin kuma, da gwamnati ta tashi yarda ta tallafa wa kwalejoji a Wales sai ta ce biyu za a yi, ɗaya a kudu ɗaya a arewa, aka ba Cardiff a 1883 aka ba Bangor a 1884, Aba da ta sha wahalar share hanya tana tsakiya aka nemi a manta da ita, sai da mutane suka tada jijiyar wuya sannan aka fara ba ta ɗan wani abu. Ana cikin haka a 1885 gobara ta tashi daga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ta cinye babban ɓangaren ginin, mutum uku suka mutu wajen kashe wutar. Aka sake kiran Seddon ya gyara, aka sake miƙa ƙoƙon bara, aka sake bayarwa. A 1893 kwalejojin uku suka haɗu suka zama Jami'ar Wales, Aba ba ta tsaya da ƙafarta a matsayin jami'a mai ba da digirinta ba sai 2007.

Mata kuwa tun 1884 aka fara ɗaukarsu, a 1896 aka buɗe musu masauki Alexandra Hall, can ƙarshen titin bakin teku ta arewa, gindin dutsen Constitution Hill. A daidai wurin akwai wani ƙarfen shinge da al'ada ce in ka yi tattaki har ƙarshen titin sai ka sa masa ƙafa kafin ka juyo, yara da tsofaffi da farfesoshi kowa yi yake. Iya ta ce samarin da ne suka ƙirƙiro abin don su sami dalilin zuwa kusa da masaukin ƴan mata, ta faɗa tana dariya har da share hawaye, na ce Iya ko dai da ke aka yi, ta ce in kama kaina.

Maganar harshe kuwa ita ce ba ta wasa da ita. Ta ba ni labarin wani ɗan katako da ake kira Welsh Not, a wasu makarantu a ƙarni na 19 in aka ji yaro ya yi yaren Wales sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya kasa kunne in ya ji wani ya yi ya miƙa masa, wanda aka tashi makaranta abin yana wuyansa shi zai sha bulala. Ni jikina sanyi ya yi, don mu ma a firamare monita yana da takardar rubuta sunan masu "banakula", Hausa ce fa laifin, a garin Hausawa. Ƴan Wales dai ba su haƙura ba. A watan Fabrairu na 1963 matasa, yawancinsu ɗalibai, suka zauna dirshan a kan gadar Trefechan da ke shiga garin suka tare motoci, suna neman a riƙa yin takardun hukuma da harshensu. Yau kam duk allon da ka gani a jami'ar, daga na banɗaki har na ofishin shugaba, harshe biyu ne kuma na Wales ne a sama, har jarrabawa kana da damar rubutawa da shi.

Shi ya sa ma a 1969 aka turo Yarima Charles, Sarkin Birtaniya na yanzu, ya yi zangon karatu guda a Aba yana koyon harshen kafin bikin naɗa shi Yariman Wales a Caernarfon ranar 1 ga Yuli. Malamin da aka ba shi, Edward Millward, jigo ne a jam'iyyar ƴan kishin Wales ta Plaid Cymru, kun ga an haɗa mutum da wanda bai damu da sarautar ba kenan. Masaukin da ya zauna, Pantycelyn, shi ne daga baya aka mayar na masu magana da harshen Wales zalla. Na tambayi Iya ko ta gan shi, ta ce ta gan shi mana, yaro ne mai kunya da manyan kunnuwa, daga nan ta canza zance.

Yanzu yawancin jami'ar ta koma kan tudun Penglais, gine-ginen siminti na shekarun 1960 da 1970, babban laburaren ɗalibai ma sunan Hugh Owen aka sa masa. Gaskiya ba su da wani kyau, kuma hawan tudun nan da safe cikin ruwan sama da iska, hmm, a bar maganar. Amma a tsakiyar hawan ne Laburaren Ƙasa na Wales yake, kuma ni nan ne zuciyata ta zauna. An kafa shi a 1907 bayan an yi ta ja-in-ja da Cardiff, ƙarshe aka raba gardama, Cardiff ta ɗauki gidan tarihi Aba ta ɗauki laburare, babban dalili kuwa wani likitan gidan sarauta Sir John Williams ya yi alƙawarin ba da tarin tsofaffin rubuce-rubucensa in har a Aba za a gina. Tun 1911 doka ta ba shi damar neman kwafin duk littafin da aka buga a Birtaniya kyauta, yanzu littattafai da jaridun ciki sun haura miliyan shida. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har rami aka haƙa cikin dutsen aka ɓoye takardu masu daraja da aka kwaso daga Landan saboda bama-bamai. Ranar da malaminmu ya zagaya da mu ɗakin gyaran tsofaffin takardu na ga wata mata ta shafe safiya guda a kan shafi ɗaya, da ɗan burushi da wata siririyar takarda tana liƙe yagewa, ko ɗago kai ba ta yi ba, ni kuma na tsaya baki buɗe har aka wuce aka bar ni.

Akwai wani abokina ɗan Saliyo da muke haɗuwa sallar Juma'a, shi siyasar ƙasa da ƙasa yake karanta, kuma ba ya gajiya da tuna mana cewa sashensu ne irinsa na farko a duk duniya. Gaskiya ya faɗa, a 1919 aka kafa shi bayan Yaƙin Duniya na Farko, da kuɗin jikokin wancan David Davies ɗin, don tunawa da ɗaliban da suka mutu a yaƙin da kuma a yi nazarin yadda za a hana wani, kujerar farfesan aka sa mata sunan shugaban Amurka Woodrow Wilson. Alfred Zimmern ne ya fara hawanta, E. H. Carr ya riƙe ta daga 1936, shekara uku bayan nan kuma wani yaƙin ya ɓarke, ni kan tsokane shi da wannan in ce to ina amfanin sashen naku. Ɗayan abin taƙamarsa shi ne tsohon shugabansu Ahmad Tejan Kabbah a nan ya gama digirin tattalin arziki a 1959. Muna can a watan Maris na 2014 Allah ya yi wa Kabbah rasuwa, bayan Juma'a abokin nan ya roƙa aka yi masa addu'a, Allah ya jiƙansa.

Kafin nan kuma, farkon watan Janairu, teku ta yi mana bore irin wanda Iya ta ce ta daɗe ba ta gani ba. Igiyar ruwa ta riƙa tsallake bangon bakin teku tana watso duwatsu kan titi, ta tumɓuke ƙarafan shinge ta fasa daɓen, jami'a ta kwashe ɗaliban da ke masaukan bakin ruwa ta kai su kan tudu. Mu gidanmu yana ciki-ciki ruwa bai iso mu ba, amma daren nan ƙarar kaɗai ta hana ni barci, ɗan Zariya da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ba. Da abin ya lafa mutanen gari da ɗalibai suka fito da shebur da bokiti ana kwashe yashi, ni ma Iya ta miƙo min shebur ɗin marigayi mijinta ba tare da ta tambaye ni ko ina so ba.

A wajen kwasar yashin nan ne wayata ta yi ƙara, lambar gida, kuma Yaya Babba ba ya kira da rana haka kawai. Abin da ya faɗa min da yadda aka yi na kusa tattara kayana in bar karatun, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.