Daga Jos Zuwa Bangka: Ɗan Kifin Baƙin Ruwa a Ƙasar Kuza

Ba zan ɓata muku lokaci da hanyar Jos zuwa Abuja ko zaman jirgi ba. Abu ɗaya kawai: mai koren fasfo ya shirya haƙuri. A Indonesiya, inda muka sauka, wani jami'i ya juya fasfona gaba da baya, ya tambaye ni me ya kawo ni. Na ce kifi na zo gani. Ya ce saye ko sayarwa? Da na nuna masa hoto a waya, ya ga abin bai kai ɗan yatsa ba, sai ya kira abokin aikinsa suka yi ta dariya, ni kuwa ina tsaye. Ɗan ƙanwata da ke karatu a can ya ce, "Kawu, ƙyale su, tunda sun buga hatimi."

Daga Jakarta zuwa Pangkalpinang, babban birnin tsibirin Bangka, tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgi. Tun daga sama mutumin Jos zai gane inda ya zo: ramuka cike da ruwa, wasu shuɗi wasu kore, da farin yashi zube a gefensu. Ramukan kuza ne, irin namu na Rayfield da Bukuru, su suna ce musu kolong. Bambancin shi ne namu yawanci tsofaffi ne tun na zamanin Turawa, nasu kuwa har gobe ana buɗe sababbi, don daga Bangka da maƙwabciyarta Belitung ake haƙo mafi yawan kuzar Indonesiya. Inda kuza ta bari, gonakin kwakwar manja sun cinye. A tsakanin waɗannan biyun ne kifin nan, Parosphromenus deissneri, ya maƙale. Wani likita ɗan Holan, Pieter Bleeker, ya fara bayyana shi a 1859 daga wannan tsibirin, yau kuma yana cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa na IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu. 'Yan uwansa, sama da iri 20, suna warwatse a Malesiya, Sumatra da Borneo, kusan kowanne da 'yar fadamarsa.

Mai masaukinmu, wanda kowa ke kira Pak, ya ƙi jin zancen otal. Matarsa ta ajiye mana lempah kuning, romon kifi da kurkum da abarba. Abarba a miya ban saba ba, amma sai da na ƙara. Da safe ya kai mu wani rafi a ragowar daji. Ruwan kamar shayin da ba a sa wa madara ba, ƙasansa ruɓaɓɓen ganye ne da saiwoyi. Ya tsoma na'ura, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, bai kai 5 ba, alamar ruwan na da tsami sosai, ma'adanai kuma kusan babu. Kifin na kwance cikin ganyen, tsawonsa santimita 3 zuwa 4, jikinsa da ratsin baƙi da ruwan ƙasa. A hannu ba shi da wani kyau. Sai namiji ya buɗe fukafukai gaban mace za ka ga shuɗin da ke sheƙi a gefensu.

A ɗakin kifin Pak na fi daɗewa. Kowane namiji da mace suna da tankin gilashi nasu, lita 20 zuwa 25, da murfi don suna tsalle. Babu tsakuwa, sai busasshen ganyen ketapang. Itacen nan ne mai faffaɗan ganye da muke shukawa don inuwa a harabar makarantu, yara na fasa 'ya'yansa su ci ƙwayar. Mu sharewa muke mu ƙone, su a leda suke sayarwa. Wanda ya bushe ya faɗo da kansa ake ɗauka, ganye 2 ko 3 ya ishi tanki. Haske kaɗan, matatar soso mai numfashi a hankali, zafin ruwa tsakanin digiri 24 da 27. Ruwan sama yake amfani da shi, yana riƙe TDS, wato awon ma'adanan da suka narke a ruwa, ƙasa da 30, pH tsakanin 4 da 5.5, yana sauya kashi ɗaya cikin biyar duk mako da ruwan da ya riga ya jiƙa da ganye. Dutsen farar ƙasa, ƙwanso ko yashin teku ba sa shiga tankin, domin suna narkewa su kashe tsamin. Gwajin ba wuya: ɗiga ruwan tsami mai ƙarfi a kan dutsen, in ya yi kumfa, jefar.

Kogo shi ne sharaɗin haihuwa. Guntun bututun roba, faɗin santimita 2 zuwa 3, tsawo kamar 6, a toshe bayansa, a ɗan ɗaga wajen da aka toshe don kada kumfa ta zube, bakin ya kalli gaba yadda za ka leƙa da tocila. Namiji ya tara 'yan kumfa a rufin, ya janyo mace, su riƙa naɗe juna, su kwashe ƙwan da baki su manna a sama. Na leƙa ɗaya: fararen ƙwai 'yan kaɗan a rataye, uban a ƙarƙashinsu bai ko motsa ba. Cikin awa 24 zuwa 36 suke ƙyanƙyashewa, 'ya'yan su ƙara kwana 4 zuwa 6 a rataye kafin su fita. Idan ƙwai na ta faɗowa daga rufin, ko suna fari su yi funfuna, ma'adanai ne suka yi yawa a ruwan ko tsaminsa ya ragu. Ba laifin kifin ba ne. Wasu iyayen na cin 'ya'ya, don haka ko dai tankin ya cika da ganye da gansakuka, ko a ɗauke kogon da ruwansa zuwa wani tankin kafin su fara iyo.

Abinci shi ke kayar da mutane. Busasshen abincin kwalba ba sa kallonsa, sai mai motsi: ƙananan tsutsar sauro, moina (ƙananan ƙwarin ruwa), da jariran artemiya (ƙananan jatan lande na ruwan gishiri, da ake sayen ƙwansu a ƙyanƙyashe). Lita 1 ta ruwa, gishiri giram 25 zuwa 30, rabin ƙaramin cokali na ƙwan artemiya, a sa iska, kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi sun fashe. A tace, a ɗauraye da ruwan daɗi, in ba haka ba gishirin zai taru a tankin ya ɓata duk wahalar da aka sha. Sababbin 'ya'ya sukan fara da ƙananan halittun da ke cikin ruɓaɓɓen ganye kafin bakinsu ya iya artemiya. Kuma ba a haɗa iri biyu a tanki ɗaya, don matan sun yi kama ƙwarai, in suka gauraya an yi asarar irin. Kowane tanki da sunan rafin da aka samo iyayen a jikinsa. Masu kiwo na ƙasashe daban-daban ma suna aika lissafin abin da ke hannunsu ga ƙungiyar Parosphromenus Project.

Na nemi ya sayar mini da biyu. Ya ce kyauta zai ba ni, amma sai na turo masa hoton awon ruwana, na kuma kammala takardun fitarwa da na shigarwa. Na ga gaskiyarsa.

A Jakarta mun leƙa kasuwar kifin ado ta Jatinegara. Suna ganin baƙo kuɗi ya ninka, sai da ɗan ƙanwata ya juya harshe na sami na'urar TDS da gwangwanin artemiya a rabin abin da aka fara faɗa. Sifilin kuɗinsu na ruɗarwa: rupiya 100,000 ba ta kai dala 7 ba. Sauran hanya barci ne.

Mu a Jos ruwan sama bai zama mana matsala ba daga Afrilu zuwa Oktoba. A bar na farkon damina ya wuce, a tara a robar da aka ajiye a fili, ba ta indararon kwano ba, saboda tsatsa da sinadarin kwanon. Da rani sai ruwan RO, wanda na'ura ta tace ma'adanansa, daga masu fiya wata, shi ma a auna kafin a yarda. Sanyin Disamba da Janairu ne abin tsoro: hita mai wat 25 ta ishi tanki ɗaya, amma tana son inbata ko sola, a kuma naɗe bayan tankin da gefensa da farin soson kwali. 'Yan Abuja naku akasin haka ne. A Maris ruwan ɗaki na iya haura digiri 30, sai a sauke tankin ƙasa a ɗakin da rana ba ta bugu, a sa raga a madadin murfi, ƙaramar fanka na busa saman ruwan, abin da ya ƙafe kuma a cike shi da ruwan RO zalla.