Lantarki daga ɗumi da maganaɗisu: sai an haɗa da sanyi

Ƙarfe yana daina bin maganaɗisu idan zafinsa ya kai digiri 770 a ma'aunin Celsius, ƙarfen nikel kuma wajen 358. Wannan iyaka ita ake kira matakin Curie. Na wani ƙarfe da ake kira gadoliniyam bai wuce digiri 20 ba, shi ya sa masu neman lantarki daga ɗumin da ke kewaye da mu suka fi amfani da shi. Dabarar kuwa tsohuwa ce, tun 1889 Nikola Tesla ya yi wa irin wannan injin rajista.

Ga yadda ake haɗawa. A sami maganaɗisun niyodimiyam, wato wani nau'in maganaɗisu mai ƙarfi sosai, da sandar ƙarfe mai lanƙwasa, a naɗe ta da siririyar wayar tagulla, a bar giɓi inda za a sa gadoliniyam. Ruwa mai digiri 10 ya ratsa shi, ƙarfin maganaɗisu ya bi ta cikin naɗin. Mai digiri 30 ya biyo baya, gadoliniyam ya wuce matakin Curie ya daina bin maganaɗisu, hanyar ta toshe. Sauyin ne ke haifar da lantarki. Da zarar ya tsaya, allurar mita ta koma sifili.

Nan ne masu tallan "wuta kyauta daga iska" ke yaudarar mutane. In komai na ɗakin zafinsa ɗaya, babu abin da zai fito, komai ƙarfin maganaɗisun. Tsakanin digiri 10 da 30, iyakar abin da lissafin Carnot, wanda ke nuna yawan zafin da inji zai iya mayarwa aiki, ya yarda a samu kashi 6.6 ne cikin ɗari, na'urorin gaske kuwa yawanci ko kashi ɗaya ba sa kaiwa.

Babbar matsalar ita ce jinkiri. Giram goma na gadoliniyam yana shan jul (ma'aunin makamashi) 50 ko fiye kafin ya hau digiri 20, ga shi zafi ba ya ratsa shi da sauri. In dunƙule aka sa, bayansa zai ɗumama cikinsa na nan da sanyi, sauyin ya zo a hankali, wutar ta yi rauni. Don haka a yanka shi falle-falle, kaurin bai kai milimita ɗaya ba, da 'yar tazara da ruwa zai bi. Sai dai ruwan yana cinye shi, dole a shafa masa abin kariya mara kauri.

Shi kansa niyodimiyam a nisanta shi da tushen zafi, domin na gama-gari yana soma rasa ƙarfinsa daga digiri 80, kuma ba ya dawowa da kansa. Kada kuma a manta da famfon da ke tura ruwan: sau da yawa wutar da yake ci ta fi wadda injin ke bayarwa.