Jakunanmu na ƙarewa muna kallo

Wai ni kam mutane sun lura yadda jaki ya yi wuya a ƙauyuka kuwa? Da can kusan kowane gida akwai shi a turke, yanzu sai ka zaga unguwa guda ba ka ji kukansa ba. Fatarsa ake bi. A China ana dafa fatar a fitar da wani abu mai danƙo da suke kira ejiao, suna sha a matsayin magani, nasu jakunan sun ragu shi ne dillalai suka juyo Afirka. Daga kasuwanni irin su Maigatari ake loda su a tirela a yi kudu da su, a cunkushe, ba ruwa ba ciyawa, wanda ya faɗi a hanya ma ba su ɗauke shi asara ba tunda fata ake so.

Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Tarayyar Afirka ma a Fabrairun 2024 ta haramta yanka su don fata, amma kafa doka daban, aiki da ita daban. Kuma jaka sai ta yi wajen wata 12 da ciki sannan ta haifi ɗa ɗaya tal, to ta ina za a cike gurbin?

Ni abin da ya fi ci min rai shi ne wanda nauyin ke komawa kansa in jaki ya bar gida. Jarkokin ruwan da yake ɗaukowa daga rijiya a kan yarinya suke ƙarewa, ita da makaranta kuma sai dai labari. Takin da ake kaiwa gona a mangala sai an nemi mai babur ko a-kori-kura, ga fetur tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san halin da ake ciki, talaka ina zai iya. Jaki kuwa harawa da dusa sun ishe shi, kashinsa ma gona yake komawa.

Masu jakunan su ma wallahi a ji tsoron Allah. Za ka ga akumari ya cinye masa baya ya yi gyambo ƙudaje na bi, a shafa masa baƙin mai wai magani, gobe a sake ɗora masa buhu biyu a bi shi da sanda. In ya rame ya kasa tashi sai a kai shi kasuwa, dillalin fata kuma dama irinsa yake jira. Alhali wanke ciwon da ruwan gishiri, a sauya tsumman akumarin, a bar shi ya huta har ya warke, ko a kira malamin dabbobi ya duba shi, duk bai kai kuɗin sayen wani jakin ba a farashin yanzu.